Ƙanena na shan maganin ƙanjamau, ana neman hana shi aure saboda maganar maniyyi

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi min haƙuri, maganar da zan kawo tana da nauyin faɗa, amma ta hana ni barci. Ƙanena ne, ciki ɗaya, yana ɗauke da HIV shekara shida ke nan. Bai taɓa wasa da magani ba, ƙarfe tara na dare wayarsa na kuka zai tashi ya haɗiyi ƙwayarsa, ko a gidan biki yake. Ya samu yarinyar da yake so, bai ɓoye mata komai ba. Ta yi gwaji ba ta da shi, ta kuma ce ta ji ta gani. Mahaifinta ma ya fara saukowa, sai gwaggonta ta taso ta ce sai dai bayan ranta. Hujjarta biyu. Wai maniyyin mai wannan ciwo shi kansa ciwon ne, duk ɗan da aka samu da shi da cutar zai faɗo duniya. Sannan wai irin wannan maniyyin ne ke cinye bakin mahaifar mace har ya zama daji.

Ta biyun ce ta fi taɓa ni. Innarmu, ƙanwar mahaifiyarmu, ta yi shekara biyu tana zubar da jini kafin Allah ya karɓi abarsa. A wurin zaman makoki na ji mata na raɗa cewa mijinta maniyyinsa dafi gare shi, don uwargidansa ma haka ta tafi. Don Allah masu sani, mene ne gaskiya a ciki?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya, ba don na ɓata miki rai ba, amma gwaggon nan ta fi ku gaskiya. Ba ta hanyar kwanciya ake ɗaukar cutar ba? To me ke fita daga jikin namiji in ba maniyyi ba? A bar 'yar mutane ta zauna lafiya, shi kuma ya nemi mai irin lalurarsa. Ai ana haɗa su aure.

Ummu Khalil: Kai Baban Sadiq, ka bari masu ilimin abin su yi magana mana. Daga tambaya sai yanke hukunci.

Ɗan Lab: Anti Maman Hanifa, Allah ya jiƙan inna. Ni aikina gwaje-gwaje, kuma gwajin maniyyi na cikin abin da nake yi kusan kullum, saboda masu neman haihuwa. Bari na fara da abin da idona ke gani.

Idan mutum ya kawo a ɗan kofi, da kauri yake zuwa. Sai mu ajiye kamar minti ashirin zuwa talatin ya tsinke, a ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi a sa a madubin ƙara girma. Abin da za ka fara gani kamar 'ya'yan kwaɗi a kududdufi, kai da wutsiya, suna ta iyo. Su ne ƙwayoyin haihuwa, su ke haɗuwa da ƙwan mace. Amma duk yawansu, miliyoyi a cikin ɗan abin da bai cika cokalin shayi ba, ba su wuce kashi biyar cikin ɗari na abin da ya fito ba. Sauran duk ruwa ne, mafi yawansa daga wasu 'yan jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara, sai kuma na furostet, wata 'yar gaɓa da ke ƙasan mafitsarar namiji. A tsakaninsu kuma za ka hangi wasu dunƙulallu da ba sa motsi. Da yawansu fararen ƙwayoyin jini ne.

To ita HIV a cikin ruwan take yawo, da kuma cikin waɗannan fararen ƙwayoyin. Kududdufin ne ya gurɓace. Dalili ke nan mazan da aka yi wa aikin ɗaure hanyar haihuwa, waɗanda babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a ruwansu, ana samun cutar a maniyyinsu kuma suna iya yaɗa ta.

Baban Sadiq: To ai ka dawo kan maganata. Ruwa ne ko ɗan kwaɗo ne, duk a jikin yarinyar zai sauka.

Ɗan Lab: Yaya, ka ba ni dama, ban kai can ba tukuna.

Dokta Binta: Salam. Na ga an yi ta kira na, ina ɗakin haihuwa ne. Ɗan Lab ya share min hanya. Bari na ɗauki hujjar gwaggo ta farko, ta jariri.

Cutar ba ta shiga ƙwayar jiki sai ta ƙofa, kuma sunan ƙofar CD4. Masu karɓar magani sun san wannan suna, don da shi ake auna ƙarfin garkuwarsu. Fararen ƙwayoyin jini na da wannan ƙofa. Ƙwayar haihuwar namiji ba a tabbatar tana da ita ba, ba kuma gidan da cutar ke hayayyafa ba ce. Saboda haka jariri ba daga ubansa kai tsaye yake gadon HIV ba, kamar yadda ake gadon sikila. Daga uwa yake ɗauka, ko yana ciki, ko wajen naƙuda, ko a nono. Uba ya sa wa uwa, uwa ta sa wa ɗa. Idan uwar ba ta kamu ba har ta yaye, ɗan lafiyarsa ƙalau.

Wani likita a Milan ta Italiya, Augusto Semprini, shi ya nuna wannan a aikace. Ya riƙa karɓar maniyyin maza masu cutar ya wulwula shi a inji, kamar dai yadda ake rege shinkafa a raba ta da tsakuwa, ya ware ƙwayoyin haihuwa daga ruwan da fararen ƙwayoyin, sannan ya zuba wa matan a mahaifa. A 1992 ya wallafa sakamakon farko: an haihu, uwa da ɗa babu wanda ya kamu. Lokacin ko magungunan da muke da su yanzu ba su fito ba.

Abu Safwan: Likita, Allah ya ƙara basira. Ke nan ita ƙwayar haihuwar an wanke ta daga zargi gaba ɗaya?

Dokta Binta: Malam, ban ce gaba ɗaya ba. A 2009 wasu masu bincike a Jami'ar Buenos Aires ta Ajantina, Ana Ceballos da abokan aikinta, sun nuna cewa ko da cutar ba ta shiga cikin ƙwayar haihuwa ba, tana iya manne mata a jiki ta wani sinadari mai danƙo da ke fatarta. Daga nan sai ƙwayar ta miƙa ta ga ƙwayoyin garkuwa, irin waɗanda ke gadi a bakin mahaifa. Sun ma ga mannewar ta fi ƙarfi a ruwa mai ɗan tsami, irin yanayin gaban mace bayan saduwa. In na ari misalin Ɗan Lab, ɗan kwaɗon ba shi ya ɓata ruwan ba, amma yana iya fitowa da laka a jikinsa.

Kafin nan, a 2007, wasu a Jami'ar Ulm ta Jamus sun gano cewa wani sinadarin furostet na tsinkewa ya haɗu ya zama kamar zaruruwa a cikin maniyyi, su kamo cutar su manna ta ga ƙwayoyin jiki, ta fi saurin shiga. Ga kuma abin da aka daɗe da sani: gaban mace na da tsamin da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, shi kuwa maniyyi yana rage wannan tsamin na wasu sa'o'i don ƙwayoyin haihuwa su rayu. Cutar ma sai ta samu sarari.

Amma ku lura da abu ɗaya. Na Ajantina da na Jamus duk a kwalba da faranti aka gani a ɗakin gwaji. Kuma dukkansu bayani ne kan yadda maniyyi ke taimaka wa cutar idan tana nan. Mai dako bai ɗaukar kayan da babu.

Maman Hanifa: Likita, ban gane wannan na ƙarshen ba. Ai cutar tana jikinsa, an ce ba ta warkewa.

Dokta Binta: Tana jikinsa, amma a ɓoye take, ba ta hayayyafa muddin yana shan magani. Akwai gwajin da ake ce wa bairal lod, wato ƙirga yawan ƙwayar cutar a jini. Wanda bai shan magani za ki ga dubbai, wani har miliyan, a ɗan mililita ɗaya. Wanda ya riƙe magani sai ta yi ƙasa har injin ya kasa gani.

An bi ma'aurata irin su ƙanenki an gani. A 2011 wani babban bincike mai suna HPTN 052, da aka yi a ƙasashe da dama har da na Afirka, ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin ɗari. Sai binciken PARTNER a Turai, wanda sakamakonsa ya fito a 2016 da 2019. Sun bi mutanen da ɗaya na da cutar ɗaya ba shi da ita, suna saduwa babu kwaroron roba, sau dubun dubata in aka haɗa. Matuƙar bairal lod na ƙasa da 200, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zamansa ba. Ko ɗaya. Shi ya sa yanzu ba ma tura irin waɗannan ma'aurata wankin maniyyi kamar da.

Baban Sadiq: Turawa ne suka faɗa. Jininsu daban, abincinsu daban. Gobe su ce sun yi kuskure, alhali 'yar wani ta riga ta shiga uku.

Admin: Wata 'yar uwa ta turo min wannan ta akwati, ta ce a sakaya sunanta. Ga shi yadda ta rubuto:

"Ni ba Baturiya ba ce, a nan aka haife ni. Shekararmu tara da maigidana, yana da shi ba ni da shi. Ranar da ya gaya min, kafin a kawo kuɗin gaisuwa, na yi kuka har idona ya kumbura. Muka je wajen likita tare, aka ce mu jira sakamakonsa ya nuna ba a gani. 'Ya'yanmu uku. Duk cikin da na yi sai an gwada ni a awo, a sake gwadawa kusa da haihuwa, a kuma gwada lokacin goyo. Har yau layi ɗaya ke fitowa a ɗan karan nan. Maganinsa a cikin gwangwanin madara nake ajiye masa a bayan kwanuka, don ko uwar mijina ba ta sani ba. In zai yi tafiya ni ke ƙirga masa ƙwayoyin, in ƙara biyar saboda tsautsayin hanya. Baban Sadiq, Allah kada ya jarrabe ka."

Ummu Khalil: Allahu Akbar. Allah ya bar ku tare, 'yar uwa.

Baban Sadiq: Amin. Ni ban ce ƙarya take ba. Amma ita ta dace da mai riƙon amana. Wanda ya ajiye maganin bayan wata uku da aure fa?

Dokta Binta: Yauwa, wannan tambayar taka ita ce ta gaskiya, kuma ita ya kamata gwaggo ta riƙe. In ya ajiye magani, cikin 'yan makonni cutar za ta dawo jini ta dawo maniyyi. Don haka Maman Hanifa, abin da za ku nema takarda ce: sakamakon bairal lod na kwanan nan, da shaidar cewa ya kai aƙalla wata shida a danne. Sannan a duba shi ko yana da ciwon sanyi. A Malawi, a wani bincike na 1997, an auna maniyyin maza masu HIV, aka ga masu ciwon sanyi mai fitar da mugunya cutar ta ninka ta sauran har sau takwas a ruwansu, da aka yi musu maganin sanyin kuma ta sauka. Kumburi ne ke tara fararen ƙwayoyin jini a wurin. Ita kuma amaryar, in hankalinta bai kwanta ba, akwai maganin kariya da marar cutar ke sha, PrEP, ta tambaya a inda yake karɓar nasa.

Abu Safwan: Ina da tambaya ta ɓangarenmu. A fiƙihu mun raba maniyyi da maziyyi, kuma malamai sun yi magana kan azlu, wato miji ya zubar a waje. Wani ya taɓa tambaya ta ko azlu zai isar wa mai wannan lalura. Na ce masa ni hukunci na sani, ban san likitanci ba.

Ɗan Lab: Malam, kun kyauta da ba ku ce masa eh ba. An samu cutar a maziyyi ma, wannan ruwan da ke fitowa tun kafin a kai ga biyan buƙata. Azlu na iya rage haɗari, amma ba kariya ba ne. Wanda ba ya kan magani, ko nasa bai danne ba tukuna, kwaroron roba ne nasa.

Abu Safwan: To madalla. Abin da zan ƙara, babu cuta babu cutarwa. Wanda ya ɓoye ya yi aure ya ci amana. Wannan kuwa ya bayyana, yarinya ta yarda, waliyyinta ya sani. Gwaggo uwa ce, a lallashe ta, amma ba ita ce waliyyiya ba.

Anti Ungozoma: Duk kun tafi kan ƙanjamau kun bar yarinyar nan da maganar innarta. Maman Hanifa, 'yata, matso nan. Shekarata ashirin da bakwai ina duba mata, kuma irin innarki na gan su ba adadi. Mace ta daina al'ada shekara biyar, sai jini ya dawo. Ko tana ganin ɗan jini duk bayan kwanciya da miji. Ta yi shiru don kunya. A ce basir ne, a ce sanyi ne, a ce kishiya ce. Ba za a kawo ta ba sai ruwa mai wari ya fara zuba, ta shigo ɗakin da zani uku a ɗaure tana kallon ƙasa. In na sa ƙarfen dubawa na haska, bakin mahaifar ya zama kamar farin kabeji, ko auduga ka taɓa da ita sai jini. A wannan lokacin abin da ya rage kaɗan ne.

Kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na ga kishiyoyi biyu daga gida ɗaya. Don haka matan da suka yi raɗa a makoki idonsu ya ga wani abu. Sunan da suka ba shi ne ba daidai ba.

Dokta Binta: Anti ta faɗi abin da ya fi komai. Kuma ba matan unguwa kaɗai suka zargi maniyyi ba, likitoci ma sun yi. Tun 1842 wani likita a Berona ta Italiya, Rigoni-Stern, ya bi rajistar mamata ya lura cewa dajin mahaifa ya fi kashe matan aure da zawarawa, da wuya a same shi a mata masu zaman coci da ba sa aure. Aka san dai akwai abin da namiji ke kawowa, amma mene ne? An zargi dattin da ke taruwa a gaban marar kaciya. A shekarun 1970 wasu likitoci a Sidni ta Ostireliya suka ce sinadaran da ke kan ƙwayar haihuwar ne ke shiga ƙwayoyin bakin mahaifa su rikita su, har suka ce akwai mazan da suka fi wasu haɗari. Kun ga maganar gwaggo ke nan da farar riga.

Wanda ya warware shi ne Bajamushe Harald zur Hausen. A 1983 da 1984 shi da mutanensa suka ciro ƙwayar cutar HPV, nau'i na 16 da na 18, daga cikin tsokar dajin kanta. Waɗannan biyun su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. A 2008 aka ba shi kyautar Nobel, kuma abin sha'awa, tare da Faransawa biyun da suka gano HIV aka raba musu ita.

HPV a fata take zama. Namiji na iya ɗauke da ita shekaru babu ƙaiƙayi babu ƙurji, ya ba uwargida, ya ba amarya. Yawancin mata jikinsu na kore ta cikin shekara biyu ba su ma sani ba. Wadda ta maƙale mata, sai ta yi ta cin wurin a hankali, shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ya zama daji. Ban ga mijin innarki ba, ba zan yanke masa hukunci ba, amma mata biyu gida ɗaya ciwo ɗaya, HPV zan fara zargi kafin dafi.

Ɗan Lab: Likita, amma na karanta cewa a Padoba ta Italiya an ga HPV ɗin manne a kan ƙwayoyin haihuwa.

Dokta Binta: An gani, kuma akwai wani aikin a Edinbura ta Sikotlan da Kef Tawun ta Afirka ta Kudu da ya nuna sinadarin furostagilandin, wanda ke da yawa ƙwarai a maniyyi, na iya zuga ƙwayoyin da suka riga suka lalace su ƙara girma. Ni dai ra'ayina, waɗannan fetur ne, ba ashana ba. Babu HPV, kusan babu wannan dajin. Kuma ba ta jiran maniyyi kafin ta tsallaka, goguwar fata ta ishe ta, shi ya sa kwaroron roba ke ragewa amma ba ya karewa duka.

Inda cututtukan biyu suka haɗu kuwa a jikin mace ne. Mace mai HIV ta fi marar ita haɗarin wannan daji har ninki shida, kuma nata na iya nuna cikin shekara biyar zuwa goma, saboda garkuwar da za ta kori HPV ta yi rauni. Tun 1993 aka sa shi cikin cututtukan da ke nuna HIV ta zama ƙanjamau.

'Yar Maradi: Sannunku da aiki. Mu nan sida muke ce mata. Ni tambayata kan kayan mata ce, tunda kullum mu kuke zargi da kawo muku su. Masu matsi fa, akwai matsala?

Ummu Khalil: Ai gara da kika kawo kanki, 'yar Nijar.

Anti Ungozoma: Waɗanda ake sha ba ruwana da su, a sha tsimi a sha gumba. Na cusawa ne ba na so. Na taɓa ciro wa wata amarya ƙullin garin magani da ya kwana huɗu a ciki, wurin ya yi jajir ya daddaye. Abin da ke busar da mace ya tsuke ta, fatar yake ƙonawa, in miji ya zo sai ta tsattsage. Kowace tsaga ƙofa ce, ga HIV ga HPV. Haka yankan gishiri. Sannan yarinya ƙarama, fatar cikin bakin mahaifarta mai laushi tana leƙowa waje fiye da ta babbar mace, kuma daidai wannan wurin HPV ke so. Wanda zai ji haushi ya ji, amma aurar da yarinya da wuri ga mutumin da ya yi aure-aure, ba a yi mata gata ba ta wannan fuskar.

Baban Sadiq: Anti, mu dai da kaciyarmu. Ba an ce tana karewa ba?

Dokta Binta: Tana taimakawa. Gwaje-gwaje uku, a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda tsakanin 2005 da 2007, sun nuna tana rage wa namiji haɗarin ɗaukar HIV daga mace da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma masu kaciya ba su kai marasa ita ɗaukar HPV ba. Amma innar Maman Hanifa ai ba marar kaciya ta aura ba. A ƙididdigar 2020, mata kusan 12,000 suka kamu da wannan daji a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Shi ya sa aka kawo allurar rigakafin HPV a watan Oktoba na 2023, kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak.

Baban Sadiq: Nan kuma muka rabu. Da aka zo makarantar 'yata na ce kar a taɓa ta. Me ya sa mata kaɗai, kuma 'yan ƙanana? Mu mutanen Kano ba mu manta da Trovan ta 1996 ba.

Dokta Binta: Ba wanda ya ce ka manta. Abin da ya faru lokacin da aka gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau ya faru, yara sun mutu, har sai da aka yi shari'a aka biya diyya. Amma wancan magani ne da ake gwajinsa. Wannan allurar tun 2006 take hannun duniya, Ostireliya ta fara yi wa 'ya'yanta a 2007, waɗanda aka yi wa a lokacin yanzu suna goyon nasu. A Sikotlan an bi matan da aka yi wa tun suna shekara 12 da 13, daga 2008, a rahoton 2024 ba a samu ko ɗaya da wannan dajin ba. Ƙanana ake yi wa saboda allurar ba ta korar cutar da ta riga ta shiga, sai an riga ta isa. Ƙasashe masu hali har maza suke yi wa, mu ne kuɗinmu bai kai ba aka fara da masu mahaifar.

Baban Sadiq: Zan yi shawara da mahaifiyarta.

Ummu Khalil: Yau kuma Baban Sadiq ne da shawara da mace? A rubuta ranar nan.

Admin: Don Allah a daina tsokana, a koma kan batu.

Abu Safwan: Likita, dokar gwaji kafin aure da gwamnatin Kano ta sa wa hannu a 2024, ta haɗa da wannan HPV ɗin? Mu ake kawo wa takardun kafin ɗaurin aure.

Dokta Binta: A'a Malam. HIV ce da ciwon hanta da sikila da makamantansu. Maza ma babu wani gwajin HPV da ake musu a asibiti yau da kullum. Takardar ango na iya fitowa fes alhali yana ɗauke da ita. Mace ce ake dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga shekara 30, mai HIV kuma daga 25. In kuna wa'azin mata, ku sa wannan a ciki, za su fi jin ku a kanmu.

Maman Hanifa: Na dawo. Jiya da daddare na karanta wa ƙanena komai. Na ce ya kawo takardarsa, ya ɗauko daga cikin aljihun jakar kwamfutarsa duk ta yamutse. An rubuta ba a gani ba, amma wata goma sha ɗaya ke nan da yin gwajin. Ya ce Litinin zai je a sake ɗiba. Mahaifin yarinyar ya ce in sakamako ya fito za a je wajen likita har da gwaggon, ta yi tambayoyinta da bakinta. Ita dai har yanzu ba ta ce eh ba, ta ce za ta je ne don kar a ce ta ƙi.

Anti Ungozoma, ni kuma shekarata 38, haihuwa biyar, ban taɓa yin wannan dubawar ba. Da zafi? Sannan mijin innar tamu ya sake aure bara, yarinya ce ba ta fi ashirin da biyar ba. Tun jiya ita nake tunani. Ban san ta inda zan fara mata maganar ba.

Anti Ungozoma: Ba zafi, sai ɗan sanyin ƙarfe da kunya, kunyar ma ta minti biyar ce. Za ki kwanta, a sa ƙarfen, a shafa ruwan binega a bakin mahaifar a jira minti ɗaya. In akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a wurare da yawa a ranar ake ƙone shi da ɗan inji ki koma gida da ƙafarki. Wasu asibitocin kuma gwajin HPV ɗin suke yi da ɗan tsinken auduga. Ki bari sai kin yi wanka da kwana biyu ko uku, kar ki zo kina al'ada, kar ki cusa komai daren.

Ita kuma amaryar, kar ki kawo mata zancen inna ko na uwargida, za ta ɗauka kin zo raba ta da miji. Ki ce za ki asibiti kina jin tsoro, ta raka ki. In kun shigo ki bar ni da ita.